Tutoci Biyar da Ƙusa Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mini kwanakin da zan zauna in tuna.

Shekara ashirin da huɗu na yi ina shara a wata makarantar sakandare a unguwar Bronx ta birnin New York. Ajujuwa na abokan aikina ne. Ni rabona ɗakin wasan ƙwallon kwando: katakon ƙasa, bencinan 'yan kallo, ɗakin da yara ke sauya kaya, da wani ɗan sito a bayan benci inda nake ajiye mofar goge ƙasa da bokiti da butata da darduma. Nakan fito daga gidanmu a Harlem bayan sallar asuba, in hau jirgin ƙasa, in isa kafin ɗalibai su cika ƙofa. A kan katakon nan na bar gwiwoyina. Yanzu da na ajiye aiki a kujera nake sallah.

A bangon da ke fuskantar benci, can sama kusa da rufi, akwai tutoci biyar shuɗɗa. Kowace ɗaya shaidar shekarar da yaran makarantar suka cinye gasar birni ce. Ta fari ta tsufa har shuɗin ya koma toka-toka, asu ya ci gefenta, waɗanda suka ciyo ta kuwa da sanda suke zuwa kallo. Ta biyu da ta uku a jere aka samo su, a zamanin da aka ce unguwar ta lalace, rabin gidaje babu kowa a ciki, ba abin da ya rage wa mutane na alfahari sai yaran nan. Ta huɗu, kocin da na tarar yana cikin waɗanda suka buga aka ci ta, lokacin yana saurayi. Ta biyar shi ya ciyo ta yana koci, a shekarata ta biyu da fara aiki. Kwana uku na yi ina share yankakkun takardun da aka watsa don murna, wasu har yau suna maƙale a ƙarƙashin benci.

Tutocin suna jere ne daga hagu zuwa dama. A ƙarshen layin, a dama, akwai ƙusa ta shida. Kocin da kansa ya hau tsani ya kafa ta washegarin nasarar, yana cewa baɗi ma tasu ce. Shekara goma sha tara ƙusar nan tana jira. A gabana gashinsa ya yi fari, cikinsa ya fito, muryarsa ta dushe saboda ihu. Baƙar fata ne, haifaffen unguwar, mutum mai faɗa amma ba ya riƙo. Da safe yakan zo da kofinsa na gahawa, ni da shayina a fulas, mu zauna a benci na ƙasa. Cif yake ce mini, daga bakinsa kuma duk makarantar ta ɗauka.

"Cif, ƙusar can tana kallona," in ji shi.

"Kai ka kafa ta," nakan ce.

"Shi ya sa take kallona."

To, ina da ɗa, ɗan fari. A nan New York aka haife shi, shekara guda bayan tuta ta biyar. Mu yadda muka taso, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Mahaifina a Kano har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, yaro," ko "wancan." Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Na san idan ya kawar da kai daga gare ni a cikin taro, nan ne na fi girma a zuciyarsa. Haka na yi wa nawa. Ƙannensa mata nakan kira su, in ɗauke su, in saya musu alewa a titi na ɗari da goma sha shida. Shi kuwa "wannan yaron" ne.

Allah ya ba shi tsayi irin na dangin uwarsa. Ya shiga makarantar da nake shara, ya shiga ƙungiyar ƙwallon. Kowa ya san ɗana ne, amma ba mai faɗa. Idan muka haɗu a baranda ina tura bokiti, ni nakan dubi ƙasa saboda kunya irin tamu, shi kuma ya dubi bango. Na ɗauka kunyar mofa yake ji. Wata rana a shekararsa ta biyu wani ya zubar da ruwa a gefen fili, sai na ji murya ta ce da Turanci, "Cif, akwai ruwa a nan." Na juyo, ɗana ne. Na je na goge. A jirgi ranar na wuce tasharmu ban sani ba.

Abin da na so kenan a shekarun nan huɗu, ba wani abu ba: kafin ya bar makarantar, ya kira ni Baba sau ɗaya a cikin ɗakin nan, a gaban abokansa. Ban gaya wa kowa ba.

Uwarsa ta gane. Tana yanka albasa ta ce, "Malam, yaron nan fa ba a Kano aka haife shi ba."

"Ina ce jinina ne?"

"Jininka ne. Amma iyayen abokansa suna zuwa su yi ta ihun sunan 'ya'yansu har maƙogwaro ya bushe. Kai kana nan riƙe da sandar mofa kamar an kafa ka."

"So kike in yi ta tsalle ina kiran ɗan fari a bainar jama'a?"

"Ni ban ce ka yi tsalle ba. Da wace gwiwar?"

A hutun bazara kafin shekararsa ta ƙarshe aka yi wa ɗakin wasan fenti. Masu fenti suka sauke tutocin, suka naɗe, suka bar ƙusoshi shida a bango. Da suka gama aka ce in mayar. Ranar zafi ya yi yawa, ɗakin yana warin fenti, wani abokin aikina ya riƙe mini dogon tsani yana danna wayarsa. Na ɗaga kai, bangon ya fito fari fat kamar allon da aka wanke. Na yi bisimilla, na ɗauki tuta ta fari, na rataye ta a ƙusar farko. Ƙusar farko a wurina ita ce ta dama. Tun ina ɗan shekara biyar a zauren mahaifina hannuna ya san daga dama ake fara layi, har jerin kayan sharar da zan karɓo da ajami nake rubutawa. Takalmi dama, alwala dama, shiga masallaci dama. Ba wai ban san yadda suke a da ba. Hannu ne ya riga tunani. Na jera su biyar, na sauko, na dube su, na ga sun yi daidai.

Sai ƙusar da ba komai ta koma ƙarshen hagu, daidai saman ƙofar da yara ke fitowa daga ɗakin sauya kaya.

Ranar da aka koma makaranta kocin ya shigo da gahawarsa, ya tsaya, ya daɗe yana kallon sama.

"Cif, wa ya rataye waɗannan?"

"Ni."

"Baya muke tafiya yanzu? Baɗi za mu ci kofin zamanin kakana?"

Sai a lokacin na gani. Na ce zan gyara. Ya yi dariya har gahawar ta zube a katakon da na goge, ya ce masu fenti sun tafi da dogon tsanin, in bari sai an dawo da shi. Kafin azahar labari ya zaga makaranta. Yara suka riƙa zuwa suna tafiya da baya-baya a gabana suna cewa, "Haka ake yi a garinku, Cif?" Na yi musu murmushi. Ɗana yana cikin waɗanda suka shigo motsa jiki da yamma. Ya dubi bangon, ya dubi takalminsa.

Tsanin bai dawo ba har aka fara gasa. Suka ci wasan farko. Suka ci na biyu, a kan makarantar da ta saba lallasa su. Ban san wanda ya fara ba, amma kafin wasa na huɗu kowane yaro idan zai fito daga ƙofar nan sai ya yi tsalle ya mari bango a ƙarƙashin ƙusar. Har wurin ya yi baƙi da shatin hannu, aka kuma hana ni gogewa. Da tsanin ya dawo kocin ya ce, "Kada ka taɓa. Ko kallonsu kada ka yi da ƙarfi."

Suka yi ta ci. Dusar ƙanƙara ta zo ta tafi suna ci. Yaran da suka yi mini tafiyar baya-baya suka koma gaishe ni da hannu biyu. Aka fara cewa Cif ya yi wa ɗakin asirin Afirka. Wani ɗan gajere mai rarraba ƙwallo ya kawo mini takalminsa wai in tofa masa. Wannan ya dame ni ƙwarai. Ni da na yi karatu a gaban malamai, a ce a tsufana na zama boka a Bronx, yara suna rataya zuciyarsu a jikin ƙusa?

Na sami kocin na ce, "Abin nan camfi ne. Kuskure na yi, ba magani ba."

"Na sani, Cif. Ni ma ina zuwa coci."

"To ka gaya musu."

"Shekara goma sha tara ina gaya musu gaskiya, muna shan kashi. Bar ni in huta."

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, a watannin nan ɗana ya fara ɗaga mini kai a baranda. Ɗan kaɗan, kamar mai korar ƙuda. Ni ma ina jin daɗin camfin ta nan, ina istigfari.

Suka kai wasan ƙarshe na birni. Saura kwana huɗu, shugabar makarantar ta kira ni ofis. Ta ce za a yi taron tsofaffin 'yan wasa a ɗakin ranar jajibiri, da masu ɗaukar hoto, kuma ɗaya daga cikin dattawan tuta ta fari ya yi ƙorafi cewa an kai su ƙarshen layi kamar su ne 'yan baya. Ta ce in mayar da tutocin yadda suke kafin taron. Na ce to. Kocin ya je ya yi faɗa, bai ci nasara ba.

Washegari da hantsi ina sito ina matse mofa, sai haske ya tare a ƙofa. Ɗana ne. Shekara huɗu bai taɓa leƙa ɗakin nan ba. Ya tsaya, kansa yana taɓa saman ƙofa, ya yi magana da Hausarsa mai ɗingishi.

"Baba, don Allah ka bar su. Kwana uku kawai."

Ga shi ya ce Baba, amma daga ni sai shi sai bokiti. Ban ɗaga kai ba. Ban iya kallon ɗan fari ido cikin ido ba, ban taɓa koya ba. Na ci gaba da matse mofar da ta riga ta bushe.

"Umarni aka ba ni," na ce. "Kuma nasara ta Allah ce, ba ta ƙyalle ba. Kai ma ka sani."

Sai ya juya harshe zuwa Turanci, inda ya fi ƙarfi.

"Na sani. Ba wai na yarda da shi ba ne. Amma shekara huɗu ina wasa a nan, shi kaɗai ne abin da ka taɓa yi mini a ɗakin nan. Kuma ko shi ba da gangan ka yi ba."

Ya tafi. Na so in bi shi in ce masa kowane katako da yake takawa da addu'a na goge shi, in ce masa na san yawan taku nawa yake yi kafin ya yi tsalle. Ban bi shi ba. Bayan azahar na hau tsani na mayar da tutocin daga hagu zuwa dama, ƙusar ta koma inda ta saba jira.

An yi wasan ƙarshen ranar Asabar da rana, a wani babban fili a tsakiyar birni. Ni da uwarsa muka zauna can sama. Mutumin da ke gefena uban ɗan gajeren nan ne, tun kafin a busa usur yake kiran sunan ɗansa, yana dukan ƙirji yana cewa, "Nawa ne wancan! Nawa ne!" Ni carbi ne a hannuna.

Ba wani abin mamaki da ya faru. Waɗancan yaran sun fi namu, shi ke nan. Sun fi su sauri, ƙwallonsu tana shiga, tamu tana zagaya bakin kwando ta fito. Tun bayan hutun rabin lokaci aka ba su rata, ba su ƙara kamowa ba. Saura kaɗan a tashi kocin ya fitar da ɗana don jama'a su tafa masa, wasansa na ƙarshe kenan. Yana tafiya zuwa benci ya ɗaga kai yana duba sama, layi-layi, har ya same mu. Uwarsa ta miƙe tana kiransa. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Malam, kira shi. Kai yake nema."

Sunan yana bakina. Ni na raɗa masa shi a kunne ranar suna. Na buɗe baki, sai na ji kamar mahaifina yana zaune a bayana. Na sunkuyar da kai ga carbina. Da na ɗago, yaron ya rufe kansa da tawul.

Ranar Litinin ba wanda ya gaishe ni da hannu biyu. Wani ya zana tsani da alli a ƙofar sitona, na goge. Kocin ya zo da gahawarsa ya zauna, ya ce, "Ba tutoci ba ne, Cif. Ba mu iya jefawa ba ne." Ya ce ya gaji, a ƙarshen zango zai ajiye aiki. A gida ɗana yakan gaishe ni da safe kamar yadda aka koya masa, ya ci abinci, ya shige ɗaki. Uwarsa ta daina yi mini maganar, wannan ya fi faɗan ciwo.

A makon ƙarshe na zango kocin ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce in cire ƙusar, kada wanda zai gaje shi ya zo ya tarar tana kallonsa. Bayan la'asar na jingina dogon tsani. Abokin aikina bai zo ba ranar, na ce abu ne na minti biyu. Yaran ƙungiyar suna ɗaya gefen suna jefa ƙwallo don nishaɗi, ɗana yana cikinsu, saura kwana uku su yi bikin gamawa.

Na hau har sama, na kama ƙusar da filaya. Shekara goma sha tara ta yi tsatsa a ciki. Na ja, ta ƙi. Na ƙara ja da ƙarfi, ta fito gaba ɗaya, gwiwata ta hagu ta saki, ƙafar tsanin ta fara zamewa a kan katakon da ni da kaina na goge har yana sheƙi.

Na kira sunan ɗana. Da ƙarfi, har ɗakin ya amsa.

Ban ga gudunsa ba, ƙarar takalmi kawai na ji, sai tsanin ya tsaya cak. Na duba ƙasa, ya rungume shi da hannu biyu, ya tokare da ƙafa.

"Na riƙe, Baba. Sauko a hankali. Baba, a hankali."

Na sauko mataki-mataki, ƙusar tana hannuna. Sauran yaran sun taru. Bai saki hannuna ba, ya juya ya ce musu da Turanci, "Babana ne."

Ɗan gajeren nan ya ce, "Mun sani mana. Kunnenku iri ɗaya, kamar ƙofar mota a buɗe."

Aka yi dariya. Ya zaunar da ni a benci na ƙasa, ya tsuguna yana taɓa gwiwar. Bai dube ni ba ya ce, "Ashe ka san sunan."

"Ni na sa maka shi," na ce.

Na sha tambayar kaina ko ƙauna ce ta buɗe mini baki ranar, ko tsoron faɗuwa. Ina ganin tsoron ne. Da tsanin bai zame ba, da ya gama makarantar ban kira shi ba, kuma da ina nan ina ganin na yi daidai. Abin da na roƙa an ba ni, amma a kwana uku na ƙarshe, bayan an riga an rufe kai da tawul. Waccan ranar ba ta dawowa.

Ya tafi jami'a a wani gari mai nisa a arewacin jihar, bai ci gaba da ƙwallo ba. Yakan bugo waya ranar Juma'a, ya fi daɗewa da uwarsa. Idan ta miƙo mini, wani lokaci nakan kira sunan, wani lokaci ya maƙale in ce, "Kai ne?" Ya ce, "Ni ne, Baba." A nan ma ban rubuta shi ba, hannun bai saba ba.

Na ƙara shekara uku a makarantar kafin gwiwoyin su ƙi gaba ɗaya. Har na bar ta tutoci biyar ne, daga hagu zuwa dama, da ɗan rami a bango inda ba wanda ya toshe. Ƙusar na kai wa kocin, ya ce in riƙe, ya gaji da ganinta. Tana cikin gwangwanin da nake ajiye alƙalumana.